John Woolman da Alƙalaminsa: Darasi Daga Jama'ar Abokai

Malaminmu na tarihin Ikilisiya ya rarraba mana aiki, kowa da jama'ar da zai binciko labarinta ya kawo wa aji. Ni rabona ya faɗa kan waɗansu mutane da a ke kira Kweka. Da na ji sunan ban yi murna ba, gama ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, a makarantar mishan inda na tashi kuwa ba wanda ya taɓa ambatonsu. Iyakar sanina da su shi ne hoton dattijon nan mai malafa a jikin gwangwanin Quaker Oats, ashe ma kamfanin ba nasu ba ne, sunan kawai ya ara. Na shiga ɗakin karatu da nufin in kwafo shekaru da sunaye in sallami malam, sai na fito da abin da ya hana ni barci. Shi ya sa na ga ya kamata in sa shi cikin mujallarmu, ko 'yan'uwana ɗalibai su ma su taya ni tunani.

Asalinsu daga Ingila ne. Wanda ya fara tara su sunansa George Fox, ɗan wani masaƙi, an haife shi cikin shekara ta 1624. Yana da shekara 19 ya bar gida da damuwa a ransa, ya yi ta yawo gari gari yana tambayar malaman addini hanyar samun kwanciyar rai, ba wanda ya gamsad da shi. A 1647, bayan ya fid da zuciya daga taimakon mutane, sai ya sakankance cewa Almasihu da kansa yana iya koya wa mutum daga cikin zuciyarsa, ba sai ta bakin wani ba. Wannan shi ne abin da su ke kira Haske na ciki. A 1650 aka gurfanad da shi gaban alƙali a garin Derby, ya ce wa alƙalin ya yi rawar jiki saboda maganar Ubangiji, alƙali kuwa ya mayar da abin ba'a, ya laƙaba musu Kweka, watau masu makyarkyata. Su dai sunan da su ke kiran kansu Abokai.

Sun sha wuya ƙwarai a farko. Ba su rantsuwa a gaban shari'a, domin sun ce wanda ya rantse ya nuna ke nan yana da magana iri biyu, ta rantsuwa da ta yau da kullum. Ba su tuɓe hula don girmama mai sarauta, ba su biyan ushirin majami'ar gwamnati, ba su ɗaukar makami. Saboda haka aka yi ta cika kurkuku da su, ɗaruruwa suka mutu a ciki, har zuwa 1689 da aka yi dokar da ta sassauta musu.

Yadda su ke sujada a wancan zamani shi ya fi ba ni mamaki, har wa yau kuwa waɗansunsu haka su ke yi. Ba fasto, ba bagade, ba waƙa, ba wa'azin da aka shirya. Sai a taru a ɗaki a zauna shiru, kowa yana jira. In wani ya ji an ɗora masa magana, namiji ko mace, sai ya miƙe ya faɗa, ya zauna, a koma shiru. Wata rana a tashi ba wanda ya ce uffan.

To, nan tambaya ta zo mini, na san kai ma mai karatu ta zo maka. In kowa yana sauraron murya a cikin zuciyarsa, ta yaya za a rarrabe muryar Allah da muryar son zuciya? Abokai ba su daɗe ba suka gamu da wannan tambaya, da zafinta. Cikin 1656 wani babban mai wa'azinsu, James Nayler, ya yarda mabiyansa suka shigar da shi birnin Bristol bisa doki suna shimfiɗa tufafi a gabansa, kamar yadda aka yi wa Yesu a Urushalima. Majalisar Ingila ta kama shi da laifin saɓo, aka yi masa bulala, aka huda harshensa da ƙarfe mai zafi, aka yi masa lalas a goshi. Daga baya ya tuba ya koma cikin 'yan'uwansa, amma abin ya riga ya girgiza jama'ar duka. Suka gane mutumin kirki ma yana iya ɓata in ba mai ja masa birki. Sannu a hankali suka kafa tsari: taron wata wata na kowane yanki, bisansa taron wata uku uku, sa'an nan taron shekara. Wanda ya ji wani nauyi a zuciyarsa sai ya kawo shi gaban taro a auna. A taron kuwa ba a jefa ƙuri'a. Magatakarda yana saurare, in ya ga zukata sun haɗu sai ya rubuta abin da aka tsaya a kai ya karanta a gaban kowa. In ba su haɗu ba, a ɗaga maganar sai wani zama.

Cikin wannan tsari John Woolman ya girma, shi ne kuwa ainihin wanda na ke so in ba da labarinsa. An haife shi a 1720 a wata gona cikin New Jersey, sa'ad da ƙasar Amurka tana hannun Ingilishi tukuna. Ya bar mana littafin tarihin ransa, wanda aka buga a 1774 bayan rasuwarsa. Abin da ya ja ni ga littafin shi ne mutumin ba ya ɓoye laifinsa. Ya ba da labarin yadda, yana yaro, ya jefi wata tsuntsuwa mai 'ya'ya ya kashe ta don wasa, sa'an nan da ya tuna 'yan tsakin za su mutu da yunwa ya hau itacen ya kashe su, ya wuni da baƙin ciki. Ya kuma faɗi yadda ya miƙe a taron sujada yana saurayi, ya faɗi abin da aka ba shi, daɗin bakinsa ya ɗebe shi ya ƙara da nasa. Makonni ya yi yana jin kunyar wannan. Mu da za mu tsaya gaban yara kullum muna magana, wannan kaɗai ya isa darasi guda.

Yana da shekara 21 ya kama aiki a kantin wani mutum a garin Mount Holly, yana sayarwa yana riƙe da littafin lissafi. Da ya ke hannunsa yana da kyau, shi a ke ba rubutun takardu. Ran nan maigidansa ya sayar da wata baiwa baƙar fata da ya ke da ita, ya ce wa Woolman ya rubuta takardar ciniki, mai saye kuwa ga shi nan tsaye yana jira. Abin ya zo masa ba shiri. Zuciyarsa ta ƙi, amma sai ya shiga ba kansa hanzari: ai ni ɗan ƙwadago ne, an ɗauke ni aikin shekara, ai maigidana ne ya umurta, ai mai sayen dattijo ne, ɗan jama'armu kuma. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Sai dai kafin a watse ya buɗe baki ya gaya wa su biyun cewa shi a ganinsa riƙon bayi bai dace da addinin Kirista ba. Wannan ya rage masa nauyi kaɗan, amma duk sa'ad da ya tuna sai ya ga da ya roƙa a ɗauke masa aikin da ya fi.

Ba a daɗe ba wani saurayi cikin Abokai ya zo masa da irin wannan takarda. Wannan karon ya ƙi, cikin ladabi. Saurayin bai yi fushi ba, har ya ce shi ma abin bai kwanta masa sosai ba, kyauta ce aka yi wa matarsa.  Rubutun wasiyya yana kawo masa kuɗi, amma in mai wasiyya ya zo kan bayi sai ya ajiye alƙalami. Wani tsoho mai mutunci ya zo, Woolman ya ce zai rubuta kome da kome ban da wannan sashi, tsoho ya kai wa wani ya rubuta masa. Bayan 'yan shekaru ya komo domin ya sāke wasiyyar, Woolman ya maimaita maganarsa ta dā, suka yi doguwar taɗi, tsoho ya yarda ya 'yanta bayin, sa'an nan aka rubuta.

Kada mai karatu ya zaci Abokai na lokacin ba su da hannu cikin bauta. Manyan attajiransu suna saye suna sayarwa, William Penn ma, wanda ya kafa Pennsylvania a 1681, yana da bayi. A 1746 Woolman da abokinsa Isaac Andrews suka yi tafiyar wata uku bisa dawaki, mil wajen 1,500, suna ziyartar Abokai na Maryland da Virginia da North Carolina. A gidajen 'yan'uwansa ya ke sauka, su yi masa shimfiɗa su kawo abinci, shi kuwa yana ganin wanda ya noma abincin da wanda ya dafa. Loma ba ta wuce masa da daɗi. Da ya sāke zuwa a 1757 sai ya tafi da ƙananan kuɗin azurfa a aljihu. In zai tashi sai ya ja maigida gefe ya roƙe shi ya karɓa ya ba bayin da suka yi masa hidima, wani wuri kuwa ya ba su da hannunsa. Ku duba nauyin wannan. Mutum ya karɓe ka hannu biyu biyu, kai kuwa da safe ka miƙa masa kuɗi, ma'anarsa a fili: abin da ka ciyad da ni gumin wani ne. Shi kansa ya ce abin ya yi masa wuya ainun. Duk da haka da yawa suka karɓa, ƙofofinsu kuwa ba su rufu gare shi ba, domin sun ga bai zo da raini ba, yana jin tausayinsu su ma kamar mutanen da suka faɗa tarko.

Ga wani abin da na daɗe ina juyawa. Da ya komo daga tafiyar 1746 ya rubuta 'yar maƙala a kan riƙon bayi, amma bai kai ta maɗaba'a ba. Ta zauna a akwati. Ubansa yana kan gadon mutuwa a 1750 ya tambaye shi ko ba zai miƙa ta ga dattawan da ke duba littattafan jama'a ba. Sai a 1754 ta fito, bayan dattawan sun duba sun yarda, aka rarraba ta cikin Abokai da sunan jama'a. Shekara takwas ke nan. Da farko na ce wannan tsoro ne. Daga baya na ga abin da ya ke nufi: in ya buga da kansa, maganar Woolman ce, wanda ya ga dama ya yar, in taro ya sa hannu, ta zama maganar da kowane ɗan jama'a zai amsa a kanta.

Akwai wanda bai yi wannan haƙuri ba, ba zan iya tsallake shi ba. Sunansa Benjamin Lay, wani gajeren mutum mai doro, wanda ya zauna a tsibirin Barbados ya ga azabar da a ke yi wa bayi a gonakin rake da idonsa. A taron shekara na 1738 a Burlington ya shigo da takobi a ɓoye cikin riga, da wani littafi da ya rarake cikinsa ya sa mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan itace. Ya miƙe ya la'anci masu bayi, ya soke littafin, jan ruwa ya fantsama kan na kusa kamar jini. Aka ɗauke shi cak aka fid da shi waje, aka kuma shelanta ba ya cikin jama'a. Kafin shi ma, tun 1688, waɗansu mutum huɗu a Germantown sun rubuta takardar ƙin bauta. Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura gaba, na wata uku ya tura wa na shekara, na shekara ya ajiye ta. Takardar ta ɓace cikin tarkace har 1844 kafin a sāke ganinta.

Cikin 1758 maganar ta sāke tasowa a taron shekara na Filadelfiya. Ba wanda ya fito fili ya kāre bauta, amma masu bayi suna cewa a bi a hankali, Allah zai buɗe hanya a lokacinsa. Woolman ya daɗe zaune shiru, sa'an nan ya miƙe ya ce kukan bayi ya riga ya kai kunnen Allah, lokacin jinkiri ya wuce. Taro ya tsaya a kan cewa duk wanda ya sāke saye ko sayar da bawa za a hana shi sa baki cikin al'amuran jama'a, aka kuma zaɓi Woolman da waɗansu 'yan kaɗan su bi masu bayi gida gida. Haka suka yi, cikin sanyi da ƙanƙara, su zauna da maigida shiru tukuna, kāna su yi magana. Da aka kai wa Benjamin Lay labari yana tsoho yana ciwo, ya yi godiya ga Allah, ya rasu a 1759. Sai a 1776 taron ya yanke cewa wanda ya ƙi 'yanta bayinsa za a fid da shi daga jama'a.

Daga 1688 zuwa 1776 shekara 88 ke nan. Jaririn da aka haifa bawa ran da mutanen Germantown suka sa hannu, da wuya ya ga wannan rana. Ba na jin daidai ne a yaba haƙurin Abokai ba tare da an tuna wanda ya biya kuɗin haƙurin ba, gama mai jira a kan kujerar taro dabam, mai jira a gona da sarƙa dabam. Bayan haka ma an daɗe ana ware wa baƙaƙe benci a bayan ɗakin sujada. A nan zuciyata tana wajen Lay, kuma na ji daɗi da na karanta cewa a 2017 taron Abington, wanda ya kore shi, ya amsa cewa shi ke da gaskiya. Amma kuma dole in faɗi ɗaya gefen. Da suka yanke, sun yanke gaba ɗaya, ba su koma baya ba, waɗansu taruka har suka matsa wa iyayengiji su biya 'yantattun ladan aikinsu na baya. Sauran ƙasar Amurka sai a 1865 ta kai nan, bayan yaƙin basasa da ya ci ɗaruruwan dubban rayuka. A Landan kuwa, mutum 12 da suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a 1787, tara daga cikinsu Abokai ne. Mu ma kada mu yi saurin ɗaga hanci, a Arewacin Nijeriya sai a 1936 doka ta shafe bauta ɗungum.

Woolman bai ga 1776 ba. Shekarunsa na ƙarshe sun ƙara tsanani. Tun 1756 ya bar kanti domin ciniki ya fara yi masa yawa, ya tsaya ga ɗinki da lambun itatuwa, wani lokaci yana koyad da yara. Ya daina sa tufafin da aka rina. Da ya sa aka yi masa hula marar rini sai aka yi rashin sa'a farar hula ta zama abin yayi wajen masu ado, 'yan'uwansa suka fara zarginsa da son a gani. Ya ji zafin wannan, bai kuwa bi su yana bayani ba sai wanda ya tambaya. A 1769 wani tsohon laifi ya taso masa: dā can, yana rabon gādon wani mamaci tare da wani, sun sayar da aikin wani yaro baƙi har ya kai shekara 30, alhali yaran Turawa a 21 a ke sallamarsu. Shekara tara ke nan aka ƙwace wa yaron. Woolman ya rubuta takarda ya ɗaure kansa da magadansa su biya fansar rabinsa, shekara huɗu da rabi. A 1772 ya tafi Ingila ɗauke da takardar shaida daga taronsa, ya ƙi ɗakin manya a jirgin ruwa ya kwana tare da matuƙa a ƙasa. A can ya ƙi shiga keken doki na fasinja saboda wahalar da a ke ba dawaki da yaran da ke korarsu, ya yi ta tafiya da ƙafa har York. Nan agana ta kama shi, ya rasu ran 7 ga Oktoba, yana da shekara 51.

Abokai suna nan har yanzu. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na taimako, ta Ingila da ta Amurka, kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ƙasar da ta fi yawansu yau Kenya ce, inda 'yan mishan nasu suka sauka a Kaimosi a 1902, ko da ya ke yawancin na can suna da fastoci suna kuma raira waƙa kamar mu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni barci. A zangon da ya wuce an tura ni koyarwa ta gwaji a wata makarantar ƙauye, lokacin kaka. Ajina yara 47 ne a rajista, amma da ƙyar 30 ke zuwa, sauran suna gona. Ana gobe mai duba makarantu zai zo, hedimasta ya kira ni ya ce in cike rajista ta makonni uku, in nuna kowa ya zo. Ba mugun mutum ba ne. A gidansa na ke cin tuwo, matarsa Mama na ke ce mata. Ya bayyana mini cewa in aka ga yara sun ragu za a haɗe aji biyu a ɗauke malami guda, yaran ƙauyen ne za su cutu. Shi ne kuma zai rubuta rahoton da za a kawo koleji a kaina. Na ce a raina, ai ni ɗalibi ne, ai shi ne babba, ai don yara ne. Na zauna a ƙarƙashin fitila na cike layi bayan layi da hannuna mai kyau. Na san rajista ba takardar cinikin mutum ba ce, ban kuwa gwada su ba. Amma da na iso wurin nan cikin littafin Woolman sai na ga hanzarina guda uku a jere, kusan kamar yadda na faɗe su. Shi ma ya fi ni, gama ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Ni "To, Malam" kaɗai na ce.

Ran Lahadi da dare na gaya wa abokan ɗakina biyu, su ne mutanen farko da suka ji. Na roƙe su mu yi shiru kaɗan kafin kowa ya amsa, muka yi, ko da ya ke ɗayansu dariya ta so ƙwace masa. Na farko ya ce shi ma an sa shi ya yi haka a inda aka tura shi, bai kuwa taɓa ɗaukarsa laifi ba sai yau. Na biyu ya ce hedimasta ke da gaskiya, in na ƙi, na wanke hannuna ne da ilmin 'ya'yan talakawa. In ina so in yi wani abu, in bi gidajen iyayen yara in roƙa a sako su ko da na rabin yini. Ba mu daidaita ba, muka ɗaga maganar sai Lahadi mai zuwa. Bayan hutu makarantar nan za a sāke tura ni, mako shida, rajistar kuwa tana nan cikin akwatin hedimasta da rubutuna a ciki.